Shekarar da Aka Nemi Kallamu a Bompai

Ku 'ya'yana, na san abin da kuka taso kuna ji a Dakata. An ce ubanku boka ne. An ce yana da wani aljani mai suna Kallamu da yake aikawa ya karya injin mutane, kuma saboda haka ne aka kore shi daga masaƙa a Bompai. Ba wanda ya taɓa tarata da maganar a cikinku, ban sani ba ko kunya ce ko tsoron amsar da zan bayar. Ni ma ban taɓa zaunar da ku ba, domin a ganina wanda bai yi laifi ba ba ya bin mutane gida-gida yana wanke kansa. To amma yanzu jikata ta dawo daga islamiyya tana kuka an kira ta jikar boka, saboda haka zan faɗi yadda abin ya faru sau ɗaya, a rubuce, wanda ya ga dama ya yarda. Kada ku ɗauka haƙuri nake bayarwa. Kora dai an kore ni, wannan gaskiya ne. Kallamu kuma nawa ne, ni na ƙirƙire shi da bakina a gindin darbejiya.

A lokacin da soja suke shirin miƙa mulki, ina aiki a wani kamfanin atamfa a Bompai, wanda Yaya Sule ya sama mini bayan na baro garinmu a ƙasar Gumel. Saƙa a inji ba ta da daɗi ko kaɗan. Ƙara ba ta barin ka ji na kusa da kai sai ya sa baki a kunnenka, auduga ta cika maka hanci da gashin ido, in an tashi ka fito fari fat kamar wanda ya faɗa buhun gari. Ni kuwa Allah ya yi ni da surutu, tun ina yaro Inna take cewa bakina ba ya hutawa sai na yi barci, don haka wuni a gaban inji ba magana azaba ce gare ni. Da jiniyar hutun rana ta kaɗa sai in ruga gindin darbejiyar da ke bayan ɗakin rini, inda Iya Mai Garau-garau take kafa tukunyarta. Nan kowa yake haɗuwa, 'yan ƙauyukan Kano, mutanen Damagaram da Maraɗi, 'yan Kudancin Kaduna da na Filato, kowa da kwanonsa a cinya. Wata rana aka ɗauke wuta tun kafin hutu, injuna suka mutu, muka zube a inuwa ba abin yi. Wani Badamagare ya ce shi dai yana so ya san mai shanye wutar Kano. Ban san daga ina maganar ta fito mini ba.

"Ai da Kallamu yana gari da tuni an kama su," in ji ni.

"Wane ne kuma Kallamu?"

"Ba ku san Kallamu Na-Sama ba? To ku matso."

A nan sai na tsaya na yi muku bayanin wani abu, domin duk rigimar daga nan ta taso. A wurinmu tatsuniya ta mata ce da yara, kuma da dare ake yin ta. Har tsoratar da mu ake yi muna ƙanana cewa mai tatsuniya da rana ɓacewa yake yi a hanya. Ƙato mai gemu da iyali ba zai zauna tsakar rana a ce masa ga ta nan ga ta nanku ya amsa ba, ko da kuwa ransa yana so. Amma labari, wanda aka ce ya faru da wani mutum a wani gari, wannan ko liman yana saurara. Na san haka sarai, shi ya sa ban buɗe da ga ta nan ba, ban rufe da ƙurunƙus ba. Cewa na yi Kallamu mutumin wajenmu ne, na san gidansu. Duk mai ba da labari a majalisa haka yake yi, kuma ban ga wanda aka kora a kan haka ba sai ni.

Ga yadda na fara da shi. Kallamu lebura ne mai hura wutar tukunyar tururi a wani kamfani. Wata rana tururi ya fashe ya ƙone masa gefen fuska, da ya warke sai idonsa na hagu ya riƙa ganin abin da mutane ba sa gani. Labari ya kai ga wani ofishin sirri da ke ƙarƙashin dutsen Dala, inda malaman hisabi da masu ilimin taurari da injiniyoyi suke aiki a teburi ɗaya. Suka ɗauke shi aiki, suka ba shi rediyo mai laya a cikinta wadda yake jin maganar aljanu da ita, da wani jirgi mai kama da akushi a kife. Aikinsa na farko shi ne na masu shan wuta. Wasu halittu ne da suka sauko daga bayan tauraruwar Zuhura, ba su da jiki, a cikin wayar lantarki suke kwana, lantarkin kuma shi ne tuwonsu. Kallamu ya bi su daga Bompai har Sharaɗa, ya rubuta hatimi a jikin batirin mota, ya yaudare su suka shige ciki ya toshe. A aikinsa na biyu aka tura shi yin sulhu a duniyar wata, saboda aljanun can sun kawo ƙara cewa Turawa sun sauka sun tattake musu gona ba sallama. Da yake sabon shiga ne, kuskure yake tafkawa. Ya taɓa mantawa da layar dawowa a aljihun wata rigar, ya kwana a sama yana rawar sanyi. Wannan ne ya sa suke son sa, don talaka ne irinsu, ana yi masa tsawa a ofis, albashinsa ma ba ya isarsa.

Ban ɗauko wannan daga littafin kowa ba. Abin da nake ji a rediyo game da masu zuwa wata na haɗa da abin da kakata take ba mu na aljanu, sauran kuma a gaban inji nake saƙa shi tare da atamfa. Kafin wani lokaci darbejiyar nan ta daina ɗaukar mutane. Har helumomi, wato shugabannin leburori, suna zuwa su tsaya daga baya-baya kamar iska suke sha. Iya ta ƙara girman tukunya, ta kuma daina karɓar komai a hannuna. Ni kuwa ina jin daɗi, ba zan ɓoye muku ba. Mutumin da ba a san da shi ba a ɗakin saƙa, ga shi maza sun yi tsit suna kallon bakinsa.

Wata rana wani ya tambaye ni kamannin Kallamu. In ban da ƙunar nan, ban taɓa tunanin kamanninsa ba. Na ɗaga kai ina neman abin faɗa, sai ga Malam Bulus yana wucewa da kwanonsa. Bulus mutumin Filato ne, Kirista, shi yake kula da tukunyar tururin kamfaninmu, ya kuma girme ni nesa ba kusa ba. Miskili ne na gaske, ba ya zama majalisa, yana ɗingisa ƙafar hagu, ga tabon ƙuna daga wuya zuwa kunne. Sai na ce Kallamu yana ɗingishi, yana da tabo a wuya, ba ya son magana. Abin da ke gabana na ɗauka, kamar yadda mai gini yake ɗibar ƙasar da ke kusa da shi. Wasu suka waiga suka kalli Bulus suka yi dariya, shi ko bai ma san ana yi ba.

Daga nan sunan Kallamu ya shiga bakin kowa. In zare ya tsinke ba dalili, a ce aikin Kallamu ne. In heluma mai tsanani ya kwanta zazzaɓi, a ce Kallamu ya gaishe shi. Da yawa wasa suke yi. Amma akwai waɗanda suka ɗauka da gaske, musamman sababbin zuwa, tunda ba su taɓa jin na ce ƙirƙira ba ce. Na lura wasu sun fara rusuna wa Bulus in sun haɗu da shi a hanya, shi kuma yana binsu da kallo yana mamakin abin da ya same su.

Da damina ta kama aka kawo wani sabon inji daga ƙasar waje, ƙato, a cikin akwatunan katako. Magana ta bazu cewa shi kaɗai zai yi aikin layi guda, kuma za a sallami mutane. Kowa ya shiga lissafin ko da shi za a fara. Ni abin da ke damun mutane shi nake sakawa a labari, don haka a makon nan na tura Kallamu yaƙi da mutanen ƙarfe, waɗanda wani attajiri ya yi odarsu daga wata tauraruwa, ba sa ci, ba sa sha, ba sa zuwa jana'iza, ba sa neman ƙarin albashi. Harsashi ba ya kama su. Kallamu ya wanke allo, ya lallaɓa ya zuba musu rubutu a tankin mai, suka sandare a tsaye. An yi tafi ran nan har mai gadi ya leƙo. Ba a rufa mako ba sabon injin ya tsaya cak. Da aka buɗe tankin mansa sai aka tarar da baƙin ruwa a ciki.

Har yau ban san abin da ya shiga tankin nan ba. Rufin kwanon wurin yana yoyo, ga baƙin hayaƙi a jikinsa, wannan shi ne zatona, amma zato ne kawai. Abin da na sani shi ne kafin azahar duk kamfanin ana cewa aikin Kallamu ne, wasu da dariya, wasu da raɗa, kuma a kowane kamfani akwai mai kai rahoto sama. Washegari aka kira ni ofishin manajan ma'aikata, Malam Hadi. Mutum ne mai fara'a, irin fara'ar da ba ta kai ciki. Ya ba ni kujera, abin da bai taɓa yi ba. A gefe akwai wani mai farar riga da bai gabatar da kansa ba, amma takalminsa na 'yan sanda ne.

"Ilu, an ce kai ka san Kallamu."

"Ranka ya daɗe, babu wani Kallamu. Labari ne nake ƙirƙira wa mutane lokacin cin abinci."

"Ƙirƙira? Ba kai ka ce ka san gidansu ba? Ba kai ka ce mai tukunyar tururi ne, yana ɗingishi, yana da tabo a wuya ba? Mutum nawa ne a nan masu wannan kama?"

"Ranka ya daɗe, na ce kuma ya je duniyar wata. Ko ita ma za a bincika?"

Mai farar riga ya ɗago ya dube ni, bai yi dariya ba. Malam Hadi ya ce shi ba ruwansa da wata ko tauraro, ya san yadda ma'aikata suke sakaya magana in suna shirya ɓarna. Mai kamfani yana son a nuna masa mutum, kuma mutumin a bayyane yake. Abin da ya rage shaida ɗaya. In na tsaya gobe a gaban jami'in nan na ce Bulus nake nufi da Kallamu, kuma na ji shi yana cewa zai zuba wa injin wani abu, to aikina yana nan, har ma a duba maganar ba ni heluma. In na ƙi, ni na kitsa labarin da ya zuga mutane, ƙofa a buɗe take. Bulus kuwa, ko ba a faɗa ba na san gidan yari ne, ga shi da mata da 'ya'ya a wani ɗaki a Hotoro. Aka ce in je in yi shawara da iyalina.

Na tuƙa kekena zuwa Dakata ban san ta inda na bi ba. A lokacin muna haya a gida ɗaya da Yaya Sule, Inna tana wurinmu, mahaifiyarku Hajara kuma tana da tsohon cikin Binta, ƙafafunta duk sun kumbura. Labari ya riga ni isa gida, don Yaya Sule yana da abokai a kamfaninmu. Bayan la'asar ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida ya kira ni, Inna tana gefe tana tsintar shinkafa, Hajara tana bakin ƙofar ɗaki.

"Ilu, ni na kai ka wurin nan, da mutuncina aka ɗauke ka," in ji Yaya Sule. "Tun yaushe nake ce maka ka bar wannan shirmen na aljanu? To ga inda ya kai ka. Gobe ka je ka faɗi abin da suke so a wuce wurin."

"Yaya, ƙarya ce fa. Mutumin nan ko labarin bai taɓa zama ya ji ba."

"Yau ka san ƙarya? Kai da ka shekara kana shirga ta a gindin bishiya? Wa ya sani ma ko shi ɗin ne ya zuba? Ɗan uwanka ne? Addininku ɗaya? Dubi matarka, yau ko gobe ne. Da labari za ka yanka rago?"

Maganar ta yi mini zafi, don akwai gaskiya a rabinta. Na ce masa waccan ƙarya ba ta taɓa kai kowa kurkuku ba, kowa ya ci abincinsa ya yi dariya ya koma aiki. Wannan kuwa shaidar zur ce, kuma ban ji inda aka ce ta halatta in a kan Kirista ne ba. Inna ta ajiye faifai ta ce ita ba ta san kamfani ba, amma tana jin tsoron yunwa, ta gan ta da idonta a shekarun fari, ba ta son jikanta ya buɗe ido a cikinta. Ba ta ce in yi ba, ba ta ce in bari ba, sai hawaye. Hawayen nan sun fi faɗan Yaya Sule nauyi a kaina. Na juya wajen Hajara, wadda ba ta saba sa baki in manya suna magana ba.

"Ke fa, me kika gani?"

"Malam, ni dai ba na son a goya ɗana da abincin da aka ɗaure wani a kansa," ta ce, ta tashi da ƙyar ta shige ɗaki.

Yaya Sule ya naɗe tabarmarsa ya ce tunda mace ce take yanke hukunci a ɗakina, shi ya cire hannunsa.

Da safe na sa rigata mai kyau na tafi. Sun riga sun kawo Bulus, yana zaune a benci a ƙofar ofis da kakin aikinsa, ya dube ni da idon wanda bai san me ake ciki ba. Na shiga. Malam Hadi ya tambaye ni ko na yi shawara. Na ce na yi. Na ce Bulus bai taɓa ce mini komai ba in ban da sannu, ban ga ya taɓa injin ba, Kallamu kuma a cikin kaina yake zaune, in kama shi za a yi sai a haɗa da kan. Mai farar riga ya ce in yi tunani, na ce na gama tun jiya. Malam Hadi ya daina fara'a, ya ce in miƙa kakin kamfani in fita kafin a tashi. Na ce na ji, amma tunda an ce bakina ne ya ɓata, a bar ni in gyara da bakina a hutun rana. Ina jin ya zaci zan ba da haƙuri ne a gaban jama'a, shi ya sa ya yarda.

Ban taɓa ganin taro a gindin darbejiyar nan kamar na ran nan ba. Na hau kan bencin Iya, rana tana tsaka, na dubi mazan nan masu gemu da furfura, na buɗe baki.

"Ga ta nan, ga ta nanku."

Wasu suka sunkuyar da kai kamar na tuɓe musu riga a kasuwa. Ba wanda ya amsa, sai can Iya ta buga ludayi a bakin tukunya.

"Ta zo mu ji ta, ɗan nan. In su kunya suke ji, ni ba na ji."

Na ce musu abin da suka shekara suna saurara tatsuniya ce, irin wadda kakanninsu mata suke yi musu. Babu ofis a ƙarƙashin Dala, babu jirgin akushi, babu Kallamu. Ɗingishi da tabo na Malam Bulus ne, ara na yi ba tare da ya sani ba, kuma duk wanda ya ce Bulus ya taɓa injin nan ya fito ya rantse. Ba wanda ya fito. Na ce tatsuniya ce kuma mai daɗi, sun ji daɗinta, kada wanda ya yi mini fuskar bai ji ba. Na rufe da ƙurunƙus na sauko.

Na zaci magana ta ƙare, ashe ban san mutane ba. Wasu suka yi fushi, wai na mai da su yara na yi musu tatsuniya da rana tsaka. Wasu kuma, kuma su ne suka fi yawa, suka kaɗa kai suka ce ai dama haka zai ce, wa ya taɓa ganin ma'aikacin sirri ya amsa sunansa? Tunda ba Bulus ba ne, kuma ba a ga mutum ba, to aljani ne, mai aljanin kuma ga shi nan an kore shi. Daga wannan ranar na zama boka. Bulus kuwa 'yan sanda sun tafi da shi, ya yi 'yan kwanaki a hannunsu, da suka rasa shaida suka sake shi ya koma kan tukunyarsa. Na je gaishe shi a Hotoro ina tsammanin ko godiya. Ko tabarma bai ba ni ba.

"Duk ƙafafun da ke kamfanin nan, ba ka ga ta ɗauka ba sai tawa?" ya ce. "Matata ta kwana uku ba ta ci abinci ba."

Na ce ya yi gaskiya, na juyo. Wannan kaɗai ne mutumin da na yarda yana da ikon yi mini faɗa a kan Kallamu.

Abin da ya biyo baya kun san wani, ba ku san wani ba. Na bi kamfanonin Bompai ɗaya bayan ɗaya, ko'ina sunana ya riga ni, mai gadi ma ba ya bari in jingine keke. Sharaɗa haka. Sai a Challawa na samu, a majema, inda ake jiƙa fata a ruwan magani, aikin da wari ya sa ba a tambayar mutum tarihinsa. Tarin da kuke ji ina yi har yau can na samo shi. A unguwa kuwa mata suka riƙa janye 'ya'yansu in na wuce, wasu mazan kuma da suka ƙi gaishe ni a masallaci su ne suke zagayowa ta bayan gida suna neman in ba su layar Kallamu ta neman aiki. Na kore su da tsawa. Yaya Sule ya tashi daga gidan ya koma Na'ibawa, muka daɗe ba ma ga-maciji. An sha ce mini in je in roƙi Malam Hadi, wai ya huce. Ban je ba. Ban kuma daina ba da labarin Kallamu ba, a majema ma na ci gaba, sai dai daga ranar da ga ta nan nake buɗewa, wanda kunya ta hana shi amsawa ya matsa ya ba wasu wuri. In da za a mai da ni ofishin nan yau, da tarin da komai, abin da na faɗa shi zan sake faɗa.

Ana cikin wannan Hajara ta sauka, tun ban ma sami aikin Challawa ba. Na sayar da kekena na sayi ɗan rago. Ranar suna na shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida tun da asuba, na zuba goro a faranti kamar yadda ake yi. Liman ya zo, don ba shi da yadda zai yi, da ladan, da wasu tsofaffi biyu da ba sa jin magana sosai. Sauran tabarmin ba kowa. Ina jin motsin maƙwabta a bayan ƙyaurensu, ba wanda ya fito. Yaya Sule bai zo ba. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na safiyar nan ba, na riƙa gyara tabarmar da ba ta karkace ba don kada a ga idona. Liman ya yi addu'a, aka raɗa suna, ya zaro wuƙa ya ce a kawo rago. Na kayar da shi, amma rago yana son mutum biyu, tsofaffin nan kuwa ba mai iya durƙusawa. Yana ta shure-shure, ni kaɗai na rasa inda zan kama.

Sai na ji takun mutum a bayana, ɗaya da nauyi ɗaya ba nauyi. Bulus ne, da rigarsa ta zuwa coci, ya tako tun daga Hotoro. Bai yi mini barka ba, bai ko dube ni ba. Ya naɗe hannun riga ya durƙusa a cikin taɓon damina, ya kama ƙafafun baya ya danne.

"Liman, bismillah," ya ce. "Na riƙe."

Ke Binta, in an sake ce wa 'yarki jikar boka, ki gaya mata wanda ya danne ragon sunanki.